Shin -g na sa manhaja jan ƙafa?

Masu koyon rubuta manhaja a Bauchi kan ce wai in ka saka -g (zaɓin da ke ƙara bayanan gano kuskure) a GCC, wato manhajar da ke juya lambar da ka rubuta zuwa harshen na'ura, manhajarka za ta riƙa jan ƙafa. Ba haka ba ne. Fayil ɗin manhajar dai zai kumbura, amma waɗannan bayanan, da ake tsarawa da tsarin DWARF, na zaune a sassansu daban, kamar .debug_line mai haɗa adireshi da layin lamba, kuma ba a loda su lokacin aiki.

Sai manhaja ta faɗi ta bar maka adireshi irin 0x4011a6, sannan addr2line, kayan aikin da ke fassara adireshi, ya karanta bayanan, ya nuna maka fayil da layi. Jinkirin a nan yake: in babu teburin .debug_aranges mai nuna fayil ɗin da kowane adireshi ya fito, wanda Clang (takwaran GCC) ba ya fitarwa sai an nema, sai an bi fayilolin da aka haɗa ɗaya bayan ɗaya kafin a gano mai adireshin.