Idan iko ya sauko daga Khartum, a hannun wa zai sauka?

A wani zaman makoki a Gadarif, hira ta kai mu ga abin da za a yi da ƙasar nan idan yaƙi ya lafa. Wani matashi ya ce maganin Sudan fidiraliyya ce, wato tsarin tarayya, kowane yanki ya riƙe mulkinsa da dukiyarsa. Sai wani dattijo da ya baro gonarsa a Wad al-Mahi, a yankin Nilul Azraƙ, tun 2022 ya ajiye kofin shayinsa ya ce: "Ɗana, ranar da aka ƙone mana gidaje, ai yankinmu yana da gwamnansa, ɗan yankin. Me ya hana a ƙone mu?" Yaron ya ce, "Baba, haka ne," ya sunkuyar da kai.

Ni ina tare da yaron a kan cewa dole iko ya bar Khartum. Tun Disambar 1955 majalisa ta yi wa 'yan Kudu alkawarin duba tsarin tarayya, domin su goyi bayan 'yancin kai. Ana samun 'yanci aka yi watsi da zancen. Yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972 ta ba Kudu mulkin kanta, aka samu lafiya ta shekara goma sha ɗaya, sannan shugaba Numeiri da kansa ya tsaga yankin gida uku a 1983, wuta ta sake tashi. Al-Bashir ya yanka ƙasar jihohi 26 a 1994, amma bakin aljihu yana hannunsa. Ko zaɓen gwamnoni da aka fara a 2010, gyaran tsarin mulki na 2015 ya soke shi, naɗi ya koma fadar shugaba. Kudu kuwa ta riga ta tafi tun 2011. Wanda ya taɓa kwana a ƙauyen da ke kusa da madatsar Rosairis cikin duhu, wayoyin lantarki suna wucewa ta kansa zuwa babban birni, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Amma tambayar dattijon ce ta hana ni barci. Yarjejeniyar Juba ta Oktoban 2020 ta ba Nilul Azraƙ cin gashin kai. Ba a cika shekara biyu ba, a Yulin 2022, rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu, aka kashe fiye da mutum ɗari, a Oktoba kuma aka sake yi a Wad al-Mahi. Tushen abin shi ne Hausawa sun nemi a ba su masarautarsu a cikin idara ahliyya, wato mulkin gargajiya, sarakunan yankin suka ce sarauta ta masu ƙasa ce, baƙo ba ya riƙe ta. Baƙon da ake nufi kuwa, kakansa a nan aka binne shi.

Abin da ya jawo haka tsohon ƙulli ne a dokar filaye. Dokar 1970 ta ce duk filin da ba a yi wa rajista ba na gwamnati ne, kuma yawancin gonakin karkara ba su da rajista. A al'ada kuwa, ƙasa ta ƙabila ce, nazir da umda, wato sarakunan gargajiya, ke rabawa. Numeiri ya rushe idara ahliyya, gwamnatin Al-Bashir ta farfaɗo da ita, ta mai da ita hanyar saka wa masoya. Sai manomi ya tsinci kansa tsakanin gwamnatin da za ta iya ba wa mai tarakta gonarsa da takarda guda, da kuma sarkin da zai iya ce masa shi aro aka ba shi. Wanda ba shi da nazir, ba shi da mai tsaya masa a ko'ina.

Mu Hausawa abin ya fi yi mana nauyi saboda tarihi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗaura sharaɗi a kan zama a Sudan tun ƙarshen 1897, alhali da yawa daga kakanninmu sun iso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda garin Mai Wurno ke ɗauke da sunansa. Wasu kuma hanyar Hajji ce ta ajiye su, suka shiga noman audugar Jazira bayan an kammala madatsar Sinnar a 1925. An sassauta dokar daga baya, amma tunanin bai fita daga kan mutane ba. Na raka kawuna neman lambar ɗan ƙasa a wani ofishi, yana da shekara saba'in da 'yan kai, ya shimfiɗa tsoffin takardun harajin mahaifinsa a kan tebur. Jami'in bai ko taɓa su ba, jin sunan ƙabila kawai ya ce ya je ya kawo shaidu daga dangin uba.

Ga abin da zan faɗa wa 'yan uwana, ko da ba zai yi daɗi ba. Neman masarauta ba laifi ba ne, domin ita ce ƙofar da tsarin ya bari a buɗe. Sai dai ko an ba mu, mun yarda ke nan cewa haƙƙin mutum yana rataye da ƙabilarsa, kuma a wannan ma'auni kullum za a samu wanda ya riga mu zuwa. Maƙwabtanmu ma tsoronsu ba ƙarya ba ne. Manyan gonakin injina sun cinye musu filaye, ɗaga madatsar Rosairis da aka gama a 2013 ya tashi ƙauyuka da dama, kowa ya matsu a kan ɗan abin da ya rage.

Don haka idan aka zauna taron tsarin mulkin da takardar riƙon ƙwarya ta 2019 ta yi alkawari, wanda har yau bai zauna ba, bai kamata mu ɓata bakinmu a kan ko a yi yankuna takwas ko jihohi 18 ba. Mu nemi ikon ya wuce gidan gwamna ya kai mahalliya, wato ƙaramar hukuma, majalisarta ta zama ta zaɓe, duk wanda ke zaune a wurin ya yi zaɓe kuma a iya zaɓarsa, kasonta na kuɗi a rubuta shi a tsarin mulki yadda ba sai an je roƙo ba. Sarakuna su ci gaba da sulhu da shari'ar gida, wannan aikinsu ne kuma sun iya shi, amma rabon gona ya koma hannun hukumar da kotu za ta iya tuhuma. A kuma yi wa wanda ya daɗe yana noma wuri rajistarsa, Bahaushe ne ko Berta ko Hamaj, ko ɗan kambo, wato mazaunin matsugunin 'yan ƙwadagon gona, a Jazira da har yanzu ba shi da takardar filin da ya gina ɗakinsa a kai.

Kafin mu tashi na tambayi dattijon ko zai koma. Ya ce zai koma, gona mai fadan goma sha biyu ya bari, da itatuwan mangwaro da ya dasa da hannunsa. Takarda ce kawai ba shi da ita.