Ba sa'ar na'ura ba ce, jadawalin biya ne

Da yawa daga masu buga kartar na'ura a gidajen cacar Las Vegas sun ɗauka sa'a ce ke sa wata na'ura ta fi wata sakin kuɗi. Ba haka ba ne. Dokar Nevada ta hana maguɗi wajen rabon kati, bambancin yana cikin jadawalin biyan da ke jikin allon.

A wasan Jacks or Better, wani nau'in kartar na'ura, idan ana biyan ninki 9 kan kati uku masu lamba ɗaya haɗe da tagwaye, da ninki 6 kan biyar masu zane ɗaya, kashi 99.54 cikin ɗari na kuɗin da aka zuba ke dawowa idan an daɗe ana bugawa. Aka mayar da su 8 da 5, sai ya sauko 97.3. Wannan lissafin ma na gwanin da ba ya kuskure ne, kuma duk da haka aljihunsa ne ke raguwa.