Risiba mai araha ba abin kunya ba ce, lambar wat ce ke ruɗar mutane

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai game da kayan sauti na gida, yau dai zan amayar da ita. Duk sanda wani ya ce yana neman risiba mai sauƙin kuɗi, sai ka ga masana sun yi masa caa: araha ba ta ado, kada ka zubar da kuɗinka, ka daure ka tara ka sayi babba. Ni kuwa na shafe shekaru da ƙaramar risiba a ɗakina, na kuma zauna na saurari manya a gidajen abokai, kuma abin da kunnena ya gaya mini ya sha bamban da wannan shawara. Ina ganin tana hana mutane da yawa jin daɗin abin da yake daidai ƙarfinsu, ba gaira ba dalili.

Ba risibar tauraron ɗan'adam nake nufi ba. Akwatin nan nake nufi da ya haɗa abu uku a ciki ɗaya: rediyo, wurin zaɓar inda sauti zai shigo, da amfilifayar da ke tura lasifikoki. Akwai ta sitiriyo mai layi biyu, hagu da dama. Akwai kuma ta kallon fim mai layi biyar ko bakwai, wadda ake jona wa talabijin ta HDMI, wayar da ke ɗauke da hoto da sauti tare. Yamaha, Sony, Denon, Onkyo, Pioneer, kowannensu yana da ƙananan da ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi.

Abin da ya fi ɓata wa mai saye lissafi shi ne lambar wat, wato ma'aunin ƙarfin amfilifaya, da ake dannawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Wannan ruɗin ba yau aka fara shi ba. A shekarun 1970 kamfanoni suka shiga tseren wanda zai fi kowa ƙarfi, kowa yana auna nasa yadda ya ga dama, har hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta kafa ƙa'ida a 1974 cewa dole a faɗi ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa ba yankewa, ba wanda take tsalle ta taɓa na ƙiftawar ido ba. A wancan zamanin ne Pioneer ta fito da SX-1980 a 1978, mai wat 270 a kowane layi, nauyinta ya haura kilo 30. Wannan ƙarfin gaske ne, sai dai ɗakunan da suke buƙatarsa ba su da yawa.

Yau idan ka buɗe takardar bayanan ƙaramar risibar fim, sai ka tarar da lamba biyu ko uku a kan na'ura ɗaya. A wani layi an ce wat 70, a wani an ce 140. Duka ba ƙarya ba ne, yanayin awon ne ya bambanta. Ta 70 ɗin an auna ta ne da layi biyu suna aiki tare, a kan lasifika mai ohm 8 (ohm ma'aunin yadda lasifika ke tare wutar da ke ratsa ta ne), daga sauti mafi kauri na 20 Hz zuwa mafi siranta na 20,000 Hz, wato duk faɗin abin da kunnen mutum ke ji, kuma gurɓatar sautin bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Ta 140 kuwa layi ɗaya tak aka tura, a kan ohm 6, da sauti ƙwaya ɗaya na 1,000 Hz, aka bar gurɓata ta kai kashi 10 cikin ɗari. Ba wanda zai iya zama ya saurari sauti mai gurɓatar kashi 10, ya riga ya fashe. Ƙaramar lambar ita ce taka, babbar ta kwali ce. Idan kuwa ka ga an rubuta PMPO, wato ƙarfin da ake cewa na'ura na taɓawa na ƙiftawar ido, tare da dubban wat, ka wuce kawai, ba awo ba ne da za a kafa hujja da shi.

To wat nawa mutum yake buƙata? Nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin wanda ya gane wannan ya huta. Kunne ba ya jin ƙara yadda muke ƙirga lamba. Idan ka ninka ƙarfin amfilifaya, daga wat 50 zuwa 100, abin da ka ƙara desibal 3 ne kacal a ma'aunin ƙara, ɗan ƙari ne da za ka lura da shi amma ba zai girgiza ka ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibal 10, wato ƙarfi ya ninka sau goma. Yawancin lasifikokin gida kuwa suna ba da desibal 85 zuwa 90 da wat ɗaya tak, idan ka tsaya mita ɗaya daga gare su. Hirar mutum biyu tana kusan desibal 60. Desibal 85 kuwa ita ce iyakar da masana lafiyar ji ke cewa kada a wuce idan za a shafe awa 8 ana ji.

Wata rana na sauke manhajar auna ƙara a wayata, na zauna inda na saba zama, kamar mita uku daga lasifikoki, na ƙara murya har inda nake jin ta ishe ni. Lambar tana yawo tsakanin 72 da 78. Da na yi lissafi, sai na ga a mafi yawan lokaci risibar ba ta fitar da ko wat ɗaya cikakke. Sauran ƙarfin yana nan a ajiye, yana jiran bugun ganga ko fashewar wani abu a fim, lokacin da sauti ke zabura ya ƙaru da desibal 10 ko 15 na ɗan taƙi. Wannan ajiyar tana da muhimmanci, ban raina ta ba. Amma wat 50 zuwa 70 na gaskiya sun ɗauke ta a matsakaicin ɗaki. Kuma ka lura da wannan: lasifika mai desibal 90 a kan mai 87 ta ba ka daidai abin da ninka amfilifaya zai ba ka, ba tare da ka taɓa risibar ba.

Shi ya sa nake cewa kuɗin da za ka ɗora a kan risiba domin ƙarin wat 30, ka kai shi ga lasifika. Amfilifayoyin zamani, ko da masu araha ne, muddin ba a matsa musu fiye da ƙarfinsu ba, bambancin muryarsu kaɗan ne ƙwarai. Lasifika biyu kuwa daban-daban, ko yaro zai gaya maka ba ɗaya suke ba. Bayan lasifika sai ɗaki. Na daɗe ina zargin risibata da cewa bas ɗinta, wato kakkauran sautin, yana kumbura yana danne muryar mawaƙi, har na fara duba wata. Ashe lasifikokin ne na manna da bango, ɗaya ma a kusurwa. Na jawo su gaba kamar taku ɗaya, na ɗaga su har ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti ya yi daidai da kunnena a zaune, na ɗan karkato su suna kallona, na shimfiɗa darduma mai kauri a tsakani. Waƙar da na ji sau ɗari na sake kunnawa, sai ga muryar ta fito tsaf a tsakiya kamar mutumin yana tsaye a gabana, har jan numfashinsa nake ji. Ban canza ko waya ɗaya ba. Gani ya kori ji, in ji masu magana, amma ranar ji ne ya gamsar da ni.

Kada a ce na rufe ido ga aibunta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma gara ka san ta ina ƙaramar risiba take zubarwa. Inda kamfani ke rage kuɗi shi ne tiransifoma, da kafasitocin da ke ajiye wuta, da ƙarfen da ke shanye zafi. Duk layukan daga tiransifoma ɗaya suke sha. Layi biyu suna samun wat 70 kowanne, amma idan biyar suka buƙaci ƙarfi a lokaci guda, rabon kowa zai ragu sosai. Ɗaga ta ka ji nauyinta, ka kuma leƙa bayanta ka ga wutar da aka ce tana ja. Ba awo ne na ƙeƙe-da-ƙeƙe ba, amma na'ura ba ta fitar da abin da ya fi wanda take sha. Sai dai a nan a yi hattara: masu amfilifaya nau'in D ba su da nauyi kuma ba sa zafi sosai, domin kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka ja yana isa ga lasifika, saɓanin nau'in AB da ke zubar da kaso mai yawa a matsayin zafi. Rashin nauyi a wajensu ba aibi ba ne.

Abu na biyu, lasifika mai ohm 4. Tana jan wuta ninkin mai ohm 8, kuma yawancin ƙananan risibobi an yi su ne domin ohm 6 zuwa 8. Na taɓa aron irin waɗannan lasifikoki na jona, risibar kuma tana cikin kabad mai murfin gilashi. Ana tsakiyar fim sai na ji ƙas, komai ya ɗauke, ƙaramar fitila tana ƙiftawa. Na ɗora hannu a samanta, da ƙyar na iya barinsa. Kariyar cikinta ce ta kashe ta kafin wani abu ya ƙone, kuma na gode da hakan. Tun ranar na fito da ita fili, na bar mata sarari a sama kamar tsawon tafin hannu, ban sake ɗora komai a kan ramukan iskarta ba. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: ƙaramar amfilifaya da aka murɗa har ƙarshe ita ma tana iya kashe lasifika. Idan ƙarfinta ya ƙare sai ta riƙa datse kan sautin, wannan datsewar ce ke ƙona ƙaramin bakin siririn sauti. Da zarar ka ji murya ta fara kaushi tana soya kunne, ka rage.

Maganin rabin wannan matsala shi ne wufa, wato lasifikar bas zalla, mai amfilifayar kanta. Bas ne ya fi komai cin wuta. Idan ka saita risiba ta tura duk abin da ke ƙasa da 80 Hz zuwa wufa, ka sauke mata kaya mafi nauyi, sauran aikin sai ta yi shi cikin sauƙi. A nan ne ƙaramar risibar fim take ba ni mamaki, domin kusan dukkansu suna da wannan saitin, da yawa kuma suna zuwa da ɗan makirufo na gyaran sautin ɗaki. Yamaha tana kiran nata YPAO, Pioneer MCACC, Onkyo AccuEQ, Denon kuma tana amfani da Audyssey a da yawa daga cikin nata. Ka ajiye makirufon daidai inda kanka yake idan ka zauna, ka yi shiru, ta riƙa sakin wata ƙara daga kowace lasifika bi da bi, ta auna nisa da ƙarfin kowacce. Aikin minti kaɗan ne, amma sau nawa na ga makirufon nan a cikin ledarsa ba a taɓa buɗewa ba, mai kayan kuma yana kukan ba ya jin maganar 'yan fim.

Abin da ya kamata ka tsaya ka duba da kyau shi ne ramukan baya, domin su ne ba a iya ƙarawa daga baya. Sony STR-DH190 tana da wurin jona garmaho da Bluetooth, amma ba ta da HDMI ko ramin sauti na dijital. Yamaha R-S202 ma tana da Bluetooth, ba ta da na dijital, ba ta kuma da na garmaho. Ga mai sauraron waƙa da rediyo sun wadatar, ga mai son jona talabijin na zamani sai ya nemi ƙaramar na'urar da ke juya sautin dijital. A ɓangaren na fim kuwa, HDMI ce ke tsufar da su. ARC, hanyar dawo da sautin talabijin zuwa risiba, ta zo da HDMI 1.4 a 2009, ingantacciyarta eARC ta zo da 2.1 a 2017, Dolby Atmos, tsarin sautin da ke kewaye mutum har ta sama, ta shigo gidaje a 2014. Kowane sauyi yana mayar da risibar jiya baya, komai tsadarta, alhali amfilifayar cikinta lafiyarta ƙalau. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ba na ganin hikimar zuba dukiya a risibar fim. Ta sitiriyo kuwa ba ruwanta da wannan tsere, wadda aka ƙera shekara 30 da suka wuce tana iya aiki yau kamar jiya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga mutum ya sayi mai layi bakwai saboda an rubuta Atmos, alhali lasifika biyu gare shi, ko kuma ya sayi ƙananan lasifikoki biyar marasa inganci domin ya cike ramuka. Lasifika biyu nagari sun fi biyar na jeka-na-yi-ka nesa ba kusa ba. Idan fim ne damuwarka, fara da biyu, ka ƙara ta tsakiya domin ita ke ɗauke da maganar 'yan wasa, sannan wufa, lasifikokin bayan mai kallo su zo a ƙarshe.

Wa ya kamata ya tsallake mai araha? Mai babban falo da yake zama nesa, mai lasifika ohm 4 ko mai ƙarancin desibal, da wanda yake son ƙara amfilifaya ta daban nan gaba, domin ƙananan galibi ba su da ramin fitar da sauti zuwa gare ta. Su kam kuɗinsu zai yi musu aiki. Idan ba ka cikinsu, ka ɗauki waƙoƙi uku da ka haddace, ɗaya mai murya zalla, ɗaya mai ganga, ɗaya mai kayan kiɗa da yawa. Ka sa a jona risibobin biyu da lasifika iri ɗaya, ka daidaita ƙararsu da manhajar waya, domin wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita kunne ke zaɓa. Sannan ka juya baya, wani ya riƙa sauya maka ba tare da ka san wacce ke aiki ba. Ni da aka yi mini haka da tawa da ta abokina mai tsada, a ƙarar da nake saurare kullum, na kasa raba su.