Wai "ɗibar jini kawai"?

Wallahi tun jiya maganar nan take ci min rai. Kun dai ga abin da bawan Allahn nan ya rubuta a ƙarƙashin hoton yarinyar da ta gama makarantar koyon aikin lafiya. Wai an kwashe shekara uku ana biyan kuɗin makaranta, a ƙarshe "ɗibar jini kawai" za ta riƙa yi. Har da 'yar fuskar dariya ya liƙa. To malam, sannu da ƙoƙari. Tunda abin wasa ne, ranar da aka ce a kawo jinin ɗanka sai ka sayo sirinji a kemis ka ɗiba da kanka, mu ga ƙarshen gwaninta.

Takardar sakamakon da likita yake dubawa ya rubuta maka magani, daga hannun mai ɗibar jini ta faro. In hannun nan ya kuskure, duk wanda ya biyo baya ya kuskure, komai tarin digirinsa.

Ka taɓa lura da murafen 'yan kwalaben nan da ake zuba jinin a ciki? Kai a ganinka ado ne. Mai murfi ruwan shanshanbale ta ƙidayar ƙwayoyin jini ce, akwai sinadarin da ke hana jinin daskarewa a cikinta. Mai murfi ruwan toka ta gwajin suga ce, domin in ba ita ba ƙwayoyin jinin za su ci gaba da cinye sugan kafin a kai ga aunawa. Robar da ake ɗaure maka dantse da ita, bai kamata ta wuce minti 1 ba. A jijjiga kwalbar da ƙarfi, jajayen ƙwayoyin su farfashe, sakamako ya nuna sinadarin fotasiyam na cikin jini ya hau alhali mutum lafiyarsa lau. Uwa uba rubuta suna. A musanya kwalba biyu, a yi wa mutum ƙarin jinin da ba rukuninsa ba, sai dai a ce inna lillahi. Tun 2024 doka ta wajabta gwajin jini kafin aure a Kano. Yanzu a ce mai AS ya karɓi takardar mai AA saboda an yi sakaci wurin liƙa suna, wa zai kwana da kukan jariri mai sikila? Wannan shi ne "kawai" ɗin naka.

Ni na gani da idona. 'Yar ƙanwata, shekararta biyu, sikila ta tashi cikin dare, jiki ya bushe, jijiya ta ɓuya. Mutum biyu suka gwada suka kasa, uwar ta koma bakin ƙofa tana kuka. Sai aka kira wata baiwar Allah daga lab, wato ɗakin gwaje-gwaje. Ta zo ta durƙusa, ta ce min, "Yaya, riƙe min ita a cinyarki, kar ki bari ta ga hannun." Ta shafa bayan hannun yarinyar da yatsa, tana yi mata wasa tana kiranta amaryata. Suka ɗaya. Har yau ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

Wani ya shigo ƙarƙashin hoton yana cewa ai yarinyar ba likita ba ce. Ita ta ce maka likita ce? Wani kuma wai albashin ba shi da auki. A ƙasar nan na wa ne yake da auki? Ku bar mu don Allah. Masu aikin lab suna da hukumarsu ta ƙasa, MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke ba su lasisi. Ba a kan titi aka tsinto su ba.

Sannan ba wanda yake maganar kasadar da suke ɗauka. Allurar da ta fito daga jikin mai ciwon hanta nau'in B in ta soki wanda bai yi rigakafi ba, haɗarin kamuwa yana iya kaiwa kashi 30 cikin 100. In ta mai ƙanjamau ce, dole a fara shan magani cikin awa 72, a yi kwana 28 ana sha, zuciya na ɗar-ɗar. Kai kana kwance kana danna waya, ita tana wannan tun safe, layi har waje, wasu ma zaginta suke don ta ce su jira.

Ƙanwata mai hoton, in kin ga wannan rubutu, ki riƙe aikinki da kyau. Ki cika allurar rigakafin hantarki guda 3, kar ki yarda ki taɓa jini babu safar hannu ko da an ce ta ƙare.

Af, tunda ana maganar lab. Jama'a, in an ce ku zo gwajin suga ba ku karya ba, koko ma karyawa ce. Kawuna sai da ya sha kofi biyu da ƙosai, ya je yana rantse musu wai shi ruwa-ruwa kawai ya sha.