Ranar da na rushe unguwa guda da lemun tsami

Ni mutum ne da ba na iya ganin datti in wuce. Uwargida ta ce ciwo ne, ni kuwa na ce tsafta cikon addini ce, kuma a kan wannan gardamar muka tsufa.

'Yar ƙanwata tana karatun halittun ruwa a kudancin Kamaru. Da aka yi hutu ta hau jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundare, ta ƙaraso Garwa a mota, ta sauka gidana. Cikin kayanta akwai wani ƙwanson teku mai faɗin tafin hannu, kamar makankarin da yara ke tsinta a bakin Binuwai amma ya fi kauri, da wata 'yar kwalba mai warin sipirit. Ta ce daga Kiribi, wani gari a bakin teku, ta kawo su. Ta jera a taga, ta fita gaida dangi.

Kwalbar ban taɓa ba, warinta ma ya ishe ni. Ƙwanson ne ya tsone mini ido. Bayansa duk wasu fararen abubuwa ne masu tauri, sun nannaɗe kamar taliyar da ta kama gindin tukunya. Na ce Allah sarki, boko ya hana yarinya wanke kayanta. Soson ƙarfe ya gaza. Wuƙa ta ci rabi. Sai na tuna yadda ake cire farin da ke kama cikin butar shayi, na matse lemun tsami huɗu a kai. Nan take kumfa ta fara tashi da 'yar ƙara, ni kuwa ina ta murna ina ƙara kankara, har ƙwanso ya fito sumul kamar kan jariri.

Uwargida ta leƙo ta riƙe haɓa. "Malam, me ka yi? Yarinyar nan cewa ta yi kada kowa ya taɓa, farin abin nan shi malaminsu zai duba."

Ko a watan Afrilu, da zafin Garwa ke narka kwalta, ban taɓa irin gumin da na yi a lokacin ba. Na zura takalmi sai shago. Na sayo makaroni mafi ƙanƙanta da gam, na zauna ina liƙawa ɗaya bayan ɗaya, na daka allin yara na barbaɗa. In daga nesa ne, kuma da magariba, wallahi aikin ba laifi.

Da ta dawo ta ɗauka ta juya, ta ciro madubin ƙara girma ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Kawu, wannan jinsin a shagon wa aka kama shi?"

Da ta gama dariya, har da hawaye, ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Ashe abin da na kankare gidaje ne. Wasu tsutsotsin teku ne ke gina su, dangin tana da matsattsaku, daga rukunin da masana ke kira folikita, wato masu yawan gashi a harshen Girka. Rukunin ya haura jinsi 10,000. Nata 'yan zuriyar Sarfulida ne, waɗanda ke fitar da sinadari irin na alli daga wajen wuyansu su gina bututu, suna ƙara masa tsawo suna girma. Shi ya sa lemun tsami ya ci shi. Ta ce tsarin bututun, ko yana da ƙiri a bayansa ko babu, yana cikin abin da ake rarrabe jinsi da shi. Wato takardar shaidar mutanen na goge.

Ta juye kwalbar a faranti ta miƙa mini madubin. Abin bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, amma sai ga jiki gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ɗan tsiro a gefe mai tarin gashi. Wasu gashin ƙugiyoyi ne da yake maƙale bangon gidansa da su. A kansa wani tukku kamar mafici, da shi yake numfashi, da shi kuma yake tace abinci daga ruwa. Abin da ya fi burge ni shi ne marfin: ɗaya daga cikin silin tukkun ne ya rikiɗe ya zama toshiya, da inuwa ta gifta sai ya zame ciki ya ja ƙofa. Na ce wannan ai maƙwabcina ne ranar da na je karɓar bashi.

Da ta ga na saki jiki sai ta ci gaba. 'Yan wata zuriyar, Sabelida, da yauƙi da laka suke nasu ginin, kamar zanzaro. Akwai mai jera ƙwayar yashi ɗaya-ɗaya ya yi gida mai siffar ƙaho. Akwai kuma wanda aka gano a 1977 a ƙarƙashin teku kusa da tsibiran Galafagos, tsawonsa ya kai mita 2, ba baki ba hanji, ƙwayoyin bakteriya da ke cikinsa ke ciyar da shi. Uwargida ta ce da ma a sami irinsa cikin baƙin da ke zuwa gidan nan.

Kuɗin motar komawa Kiribi neman wani ƙwanso, daga aljihuna suka fita, ban ko yi ciniki ba. Nawa kuwa na ce a bar mini shi a taga, tunda na sha wahalarsa. Da gari ya waye na tarar kiyashi sun yi layi daga tagar har bakin ƙofa, suna kwashe unguwar da na gina, gida-gida.