Amfani daban, riba daban: kuɗin da ake narkarwa a ƙirƙirarriyar basira

Ni ba na cikin masu cewa ƙirƙirarriyar basira yaudara ce. Kusan kullum sai na yi aiki da ita. Ko shekaranjiya na tura mata wani dogon rahoto da zai iya cinye mini yini guda, kafin in gyara zama ta tsamo mini abin da nake nema. Ban biya komai ba, kuma nan ne damuwata ta fara, domin duk tambayar da na aika akwai na'urorin da suka sha wutar lantarki a wata cibiyar adana bayanai, kuma wani ne ya biya kuɗin.

Tun da kamfanin OpenAI ya saki manhajarsa ta hira, ChatGPT, a Nuwamban 2022, kuɗi ke kwarara kamar an ɓalle dam. A Janairun 2025 aka sanar da shirin Stargate a Amurka, na gina cibiyoyin bayanai da dala biliyan 500 cikin shekara huɗu. Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfutar da ake horar da manhajojin da ita, darajarsa ta kai dala tiriliyan 1 a 2023, ta haura tiriliyan 4 a 2025. To masu biyan ChatGPT dala 20 a wata nawa za a tara kafin uwar kuɗi ta dawo, balle riba?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda kuɗin ke zagayawa a tsakanin kamfanonin. A Satumban 2025 Nvidia ya bayyana niyyar zuba har dala biliyan 100 a OpenAI, kamfanin da zai juyo ya yi amfani da kayan Nvidia ɗin. Idan mai kaya ne ke ba mai saye jari, yaya za a gane ainihin kasuwar?

Masu kare wannan kashe kuɗi sukan kawo misalin intanet. Gaskiya ne, kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka ta rushe daga Maris na 2000, kamfanonin sadarwa WorldCom da Global Crossing suka durƙushe a 2002, amma wayoyin da suka binne a ƙasa da ƙarƙashin teku duniya ta ci moriyarsu daga baya. Na yarda. Sai dai waya tana iya kwanciya shekara da shekaru tana jiran mai amfani. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta jira. Cikin 'yan shekaru sabuwa ta fito, tsohuwa ta zama kwantai. Kuma mun ga yadda ginin ke rawa: da kamfanin DeepSeek na China ya fito da manhaja mai arha, a ranar 27 ga Janairun 2025 kaɗai darajar Nvidia ta zube da kusan dala biliyan 600.

Ga kuma wuta. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya a 2024, kuma zai ninka zuwa 2030.

Wallahi ba attajiran nake tausayi ba, su ko sun faɗi kan katifa za su faɗa. Tausayina yana ga ma'aikacin da aka saya masa hannun jarin waɗannan kamfanoni da kuɗin fanshonsa, bai taɓa jin sunan Nvidia ba, kuma ba a tambaye shi ba.