Dariyar da aka yi wa motar Yaya a Teksas

Mutanen Kaduna salamu alaikum. Yau sati biyu ke nan wani abu yana cin raina, na kwana da shi na tashi da shi, na ce bari dai in rubuta ko na samu sauƙi.

Muna cin abincin rana ne a wurin aiki nan Teksas sai Yaya ya turo min bidiyo ta WhatsApp, ya ɗauko masara daga Saminaka zai shigo gari, tsohuwar Hilux ɗinsa an jera mata buhu har ya wuce kan direba, an ɗaure da igiya, yara biyu suna zaune a sama suna ɗaga hannu, bayanta ya zauna sosai amma tana tafiyarta. Ni murna nake yi wallahi, don bana Allah ya ba shi amfanin gona bayan shekara biyu yana faɗuwa. Sai wani Bature abokin aikina ya leƙo ta kafaɗata, ya fashe da dariya, ya yafito wasu biyu su zo su gani. Ya tambaye ni wane inji ne a cikinta, na ce silinda huɗu, lita 2.7, mai shan fetur. Ya ce motar da 'yarsa take zuwa makaranta da ita ta fi wannan inji. Sannan ya ƙara da maganar da ta tsaya min a wuya, wai mu can ba zaɓen inji muke yi ba, abin da ya faɗo hannunmu kawai muke hawa. Ban ce masa komai ba, na mai da wayata aljihu, abincin ma ban ƙarasa ba.

To bari in ba ku labarin yadda su suke zaɓen nasu, don ni ma na shiga cikinsa, ina da a-kori-kurar Ford F-150 ta hannu da nake jan ƙaramar tirela da ita ranar Asabar, in ɗauko mota daga wurin gwanjo in kai wa masu lodin jirgin ruwa. A nan a-kori-kura ba motar talaka ba ce. In ka shiga filin ajiye motoci na babban kanti za ka ga sun yi layi, F-150 da Silverado da Ram, bonet ɗin wata ya kai ƙirjin babban mutum, sai ka taka matakala kafin ka hau, ƙofa huɗu, kujerun fata masu ɗumama baya lokacin sanyi, amma ka leƙa bodin baya ka ga yana ƙyalli ko ƙwarzane babu, kamar ba a taɓa sa masa ko buhu ɗaya ba. Su ba sa ɗora kaya, ja suke yi. A ƙarƙashin bamba akwai wani ƙarfe mai dunƙulen kai kamar lemo, nan ake maƙala tirela, wani kwalekwalen shaƙatawa yake ja zuwa tafki, wani dawaki, wani kuma gida guda mai taya da gado da banɗaki da kicin a ciki, ya ja shi sau uku ko huɗu a shekara, sauran kwanakin motar tana kai shi ofis shi kaɗai.

Ranar da na je saye, tambayar farko da mai sayarwa ya yi min ita ce nauyin abin da zan ja. Ita F-150 ɗin nan kala ɗaya ce a ido amma injinta kala-kala. Akwai V6, wato mai silinda shida, mai lita 2.7 da tabo biyu (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), akwai babban wansa mai lita 3.5 shi ma da tabo biyu, duka biyun EcoBoost suke kiransu, akwai V8 mai lita 5.0 wanda babu tabo, sai kuma wanda aka haɗa da batir. Mai 3.5 da V8 ɗin ƙarfin dokinsu ɗaya, 400, amma wajen ƙarfin juya taya daga tsaye, wanda shi ne mai jan kaya yake nema, mai tabon ya ba V8 rata, kuma yana ba da shi tun inji bai yi ihu ba. A samfurin 2021 an rubuta cewa mai 3.5 zai iya jan fam 14,000, wato sama da kilo 6,300, ku lissafa da buhun masara mai kilo 100. Kuma ba da ka suke faɗa ba, akwai wani hawa mai tsawo a jihar Arizona da ake gwada motocin da kaya cikin zafin rana da AC a kunne kafin a rubuta lambar. Har haƙoran da ke cikin aksul ɗin baya suna da lamba, 3.55 ko 3.73, mai babbar lamba ya fi ja amma ya fi shan mai. Akwai maɓalli na jan kaya da ke hana giya saurin canzawa, akwai wani kuma da ke haɗa birkin mota da birkin tirela. Wannan duk na gani kuma ya burge ni, ba zan ɓoye ba.

Amma maganar mai fa daban. Tawa mai 3.5 ce, in babu komai a bayanta tana ba ni kilomita 8 zuwa 9 a lita, da na maƙala tirela da mota a kai sai ta dawo 4 da rabi ko 5, allurar tanki kana kallonta tana sauka. Haka tabo yake, in ka bi shi a hankali ƙaramin inji ne, in ka matsa masa sai ya sha kamar babba, kuma iskar da ke dukan gaban tirela ita ma mai take ci, ba nauyi kaɗai ba. Shi mai dariyar V8 gare shi, wayam ya fi ni sha kaɗan, da kaya kuwa kusan kunnen doki muke yi. Wanda ya fi kowa tsimi shi ne ƙaramin dizal, irin Duramax mai lita 3.0 na Chevrolet, sai dai ya fi tsada wajen saye, dizal a nan yawanci ya fi fetur kuɗi, ga wani ruwa da ake zuba masa a tanki na daban don wanke hayaƙi wanda in ya ƙare motar za ta rage gudu da kanta. Ford ma sun daina sa ƙaramin dizal a F-150 tun 2021, Ram suka bi baya a 2023. Kun ga ke nan su ma da takardunsu da gwaje-gwajensu har yau gardama suke a kai, kowa yana yabon nasa.

Abin da ban faɗa wa mutumin ba, kuma nake jin haushin kaina da ban faɗa ba, yana nan a jikin ƙofar motarsa. In ka buɗe ƙofar direba akwai 'yar takarda ruwan ɗorawa da aka manna, ita ke faɗin nauyin da motar za ta ɗauka a kanta. Tawa kilo 800 ma ba ta cika ba, kuma a ciki har da ni da duk wanda ya shiga da nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙarfen nan, wanda ake so ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar. Wato wannan ƙatuwar da ta kusa cika titi buhu bakwai ne haƙƙinta in na zauna a ciki. Hilux kuwa a takardar kamfani ma wajen tan ɗaya take ɗauka, sababbin masu dizal 2.8 kuma a ƙasashen Turai an yarda su ja kilo 3,500. Shi bai taɓa tuƙa ta ba, ba a sayar da ita a Amurka, wata Toyota mai suna Tacoma ce ta maye gurbinta tun 1995, ga harajin kashi 25 da suka ɗora wa a-kori-kurar waje tun 1964 saboda rigimar kaji da suka yi da Turai. Mutumin da gwamnatinsa ta tsare masa ƙofa shekara 60 shi ne zai ce min mu ne ba mu da zaɓi.

Yaya ya zaɓa mana, a gabana aka yi. Lokacin da zai saya akwai wata 'yar Beljiyam ƙirar Amurka mai silinda takwas da aka yi masa tayi da araha, ya je ya zauna da bakanikensa suka yi shawara, mutumin ya ce masa Alhaji in wannan ta tsaya maka a hanyar Pambeguwa wa zai taɓa ta, in na'urarta ta ƙone sai ka jira wata biyu. Hilux mai 2.7 kuwa duk abin da ya lalace a jikinta ka shiga Panteka kafin la'asar ka fito da shi, sabo ko na hannu, in babu ma a ƙera maka. Kuma kun san dalilin da ya sa masu fetur suka fi yawa a wurinmu, shekara da shekaru fetur ne ke da tallafi dizal babu. Da aka cire a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma kun fi ni sanin inda ta kai. Yaya yanzu ya san litar da zai ƙona daga Kawo zuwa Saminaka da dawowa, ya san inda zai ɗaga ƙafa daga totur, har tunanin mai da ita mai gas yake yi amma yana tsoron tukunyar za ta cinye masa wurin buhu biyu kuma ƙarfin ja ya ragu a hawa. In wannan ba lissafin inji da mai ba ne to mene ne? Bambancin kawai shi in ya yi kuskure kuɗin makarantar yara ne zai tafi, wancan kuwa hutun tafki ne zai rage.

Ba na cewa komai namu daidai ne. Obalodi yana kashe mutane, duk wanda ya bi hanyar Zariya ko ta Kachia ya ga abin da ya gani, inji zai iya jan kayan amma birki ba zai iya tsai da shi ba, taya ta fashe a gangara sai dai innalillahi. Daren ranar na kira shi na ce Yaya don Allah a riƙa rage lodin nan, yaran nan kuma a daina ɗora su a sama. Ya yi shiru, ya ce to ƙanina in na raba shi sawu biyu kai za ka biya man na biyun? Na ce zan biya, ya ce na bana ka biya, na baɗi fa, da na maƙwabcina da ba shi da ɗan'uwa a Amurka? Ban samu amsa ba. Yaran dai ya yi min alkawari za su riƙa shiga gaba.

Ni abin da ya fi ƙona min rai ma ba Hilux ba ce. Mutumin nan ya ɗauka mu mota daga sama ta faɗo mana, bai san a garinmu ma an haɗa mota ba. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, iyayen abokanmu da yawa can suka yi aiki har suka yi ritaya, kuma 504 a-kori-kura ta Baba daga nan ta fito, fara, da rumfar tamfol da aka yi mata a Panteka. Injinta bai wuce lita 2 ba. Da ita aka kwaso bulon da aka gina gidanmu na Tudun Wada, da ita ake ɗauko ragon layya daga Zango, da ita aka kai kayan ɗakin yayyena mata su uku, in za mu ƙauye da Sallah a shimfiɗa mana tabarma a baya mu goma sha wani abu, Inna a gaba da kular abinci a cinya, iska tana dukan fuskarmu muna ƙirga motocin da muka wuce. In ta fara tari Baba zai kai ta wurin wani dattijo a bakin hanya, ba kwamfuta ba komai, ya ɗora bakin sukundireba a kan inji ya kara ƙotar a kunnensa ya rufe ido, can ya ce Malam fulogi na uku ne, ko ya ce kafireto ke son wanki, kuma haka ɗin ne. Ina tsaye a gefe riƙe da kwanon fetur da ake wanke kayan a ciki, har yau in na shiga gidan mai na ji warin nan shi nake tunawa.

Ɗana shekararsa tara, a nan aka haife shi, bai taɓa zama a bayan a-kori-kura ba, a kujerar baya yake zama a ɗaure da bel da waya a hannu, gilashi a rufe. Na nuna masa bidiyon kawunsa ya kalla ya ce min Baba me ya sa ba su sayi babba ba, da Turanci ya faɗa, kuma wallahi muryar mutumin nan na ji a bakinsa.

An sayar da motar Baba bayan rasuwarsa lokacin rabon gado, ina nan ban samu zuwa ba, wani mai kayan gwari ne ya saya aka ce yana lodin tumatir da ita wajen Hunƙuyi. Na sa Yaya ya bincika min ko tana nan da rai. In kuma akwai wanda ya san inda zan samu 504 a-kori-kura mai lafiyayyen bodi a Kaduna ko Zariya, ko da injin ya mutu ba komai za a tashe shi, don Allah ya yi min magana, ina so ta kasance a ƙofar gida kafin mu zo da yaron babbar Sallah in Allah ya kai mu.